Rasuwar Mai Tsiwa, Fikof ɗin Jitar Kawu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, iyalan Kawu mai kaɗa jita suna sanar da 'yan uwa, da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa taka rawa da kiɗansa, rasuwar abokin neman abincinsa, Mai Tsiwa. Ya rasu da hantsi a kan teburin mai gyaran rediyo, tsakanin wata tsohuwar fanka da gwangwanin ƙusoshi, bayan doguwar jinyar da, in za a faɗi gaskiya, ba shi ya kamata a yi wa ba.

Mutane da yawa sun san muryarsa ba su san fuskarsa ba. Marigayin fikof ne, wato ɗan maganaɗisun nan da aka nannaɗe da zaren tagulla siriri kamar gashi, wanda ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki. Aikinsa ya saurari motsin tsirkiya ya kai wa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ita kuma ta faɗa wa duniya. Su uku ne a jikin jitar Kawu, kowanne mai naɗi ɗaya, shi ne na can ƙasa kusa da inda tsirkiyoyin suka ɗauru. Ba ɗan gidan kowa ba ne. Tare da jitar ya fito daga kamfani, ba suna a bayansa, ba takardar shaida, irin wanda masu sayar da kayan kiɗa ke cewa a cire a yar tun ranar da aka saya.

Amma bakinsa fa! In Kawu ya ɗan taɓa ƙaramar tsirkiya, sai ka ji “tiriring”, tas, da wani ɗan kaifi a ƙarshe da ke ratsa ganguna da hayaniyar jama'a ya iske mutum har bakin ƙofa. Mawaƙiyar da ke shugabantar ƙungiyarsu, wadda kowa ke kira Anti, ita ta raɗa masa suna. Wata rana ta ja baiti, ya amsa mata, ta sake ja, ya sake amsawa har da ƙari, sai ta sauke makirufo ta juyo.

“Kawu, wannan abin naka tsiwa gare shi. Ina faɗa yana faɗa!”

Anti ba ta iya ɓoye magana ba. Ta sha faɗa a gaban kowa cewa masu yatsun da suka fi na Kawu sauri sun cika gari, amma ba wanda jitarsa ke mayar mata da magana haka. Da muryar marigayin Kawu yake riƙe da gurbinsa a ƙungiyar, da gurbin kuma yake riƙe da gidansa, tun kansa na baƙi wuluk har furfura ta ci rabinsa.

Ba a ɓoye halin mamaci don an so shi. Marigayin yana da ƙunƙuni. In aka kai shi ɗakin da firiji ke aiki, ko ƙarƙashin doguwar fitilar nan mai ƙyaftawa, sai ya kama “zuuuu” ba ƙaƙƙautawa, kamar an bar ƙudan zuma a cikin tulu. Kawu ya san maganinsa: yakan juya jikinsa a hankali har ya sami kusurwar da ƙunƙunin zai lafa, ya ƙame a nan har a tashi. Shi ya sa jama'a suka saba ganinsa yana kiɗa a karkace, fuskarsa na kallon bango. Wasu samari ma sun kwaikwayi tsayuwar, suna zaton salo ne. Kusurwar kuwa kusan kullum takan ajiye kunnensa na hagu dab da farantan ƙarfen mai ganga, kuma mai gangar nan ba ya dukansu da tausayi.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Kawu ya dawo daga gwaji ransa a ɓace, ya ce wa maiɗakinsa Mai Tsiwa ba shi da lafiya. Muryarsa ta dushe, in ji shi, kamar an lulluɓe lasifika da bargo, ga kuma wani siririn fito, “wiiii”, da ke bin kowane sauti. Ya canza tsirkiyoyi. Ya canza wayar haɗi. Ya murɗa maɓallin kaifi na amfilifaya har ya ƙure, har mai fiyano ya fara zuwa gwaji da auduga a aljihu. A kwanakin ne kuma butar shayi ta riƙa fito a kicin har ruwanta ya ƙone Kawu na zaune a falo bai motsa ba, wayarsa ta riƙa ƙara a aljihunsa yana cewa masu kira ne ba sa bari ta yi ƙara. Maiɗakinsa ta ga wannan duka. Ta buɗe baki sau da yawa, sai ta dubi yadda yake shafa jitar, ta mayar da maganarta ciki.

Mai shagon kayan kiɗa kuwa bai mayar da tasa ciki ba.

“Haba Kawu, ai na kamfani ba a tsufa da shi. Mutum kamarka? Zo ka ga na gaske.”

Haka baƙi suka fara shigowa gidan. Na farko ya zo a akwati mai shimfiɗar karammiski, an ce da hannu aka naɗa shi, zare bayan zare, don ya yi muryar jitocin da. Muryarsa mai daɗi ce, mai ladabi, irin ta yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan manya. In Anti ta ja baiti sai ya amsa da “to”. Na biyu an cika masa naɗi har ya yi ƙiba, ƙarfi gare shi kamar me, sai dai duk a ƙirji yake magana, in ya buɗe baki ba a jin mai fiyano, ba a jin Anti, ba a jin komai sai shi. Akwai kuma wanda aka yi wa alkawarin ba ya ƙunƙuni ko a cikin firijin aka sa shi. Bai yi ƙarya ba. Shiru gare shi kamar ɗakin jiran likita, kuma kiɗansa ma haka yake.

Kowane baƙo sai an kwance jitar, an narka dalma, an ciro marigayin an ajiye gefe, an dasa sabo. In Kawu ya saurara ya girgiza kai, sai a mayar da marigayin don a sake kwatantawa. Mai gyaran rediyo ya gaji har ya ce, “Kawu, wayar nan fa ba igiyar shanya ba ce. A bar bawan Allah ya huta.” Kawu bai ji ba, kuma yanzu ba wanda zai iya rantsuwa ko ƙin ji ya yi.

Don a kashe gardama, mai fiyano ya ɗauki sautin kowannensu a na'ura, baiti ɗaya, hannu ɗaya. Wata rana da yamma a ɗakin gwaji aka sa Anti ta juya wa lasifika baya, aka riƙa kunna mata a hargitse. Duk sanda aka zo kan marigayin, tun bai rufe baki ba take ɗaga hannu. Mai ganga ma ya gane shi. Da layin saurare ya zo kan Kawu, ya tsaya ya karkata kai. Duka huɗun murya ɗaya ya ji, bargo ɗaya, fito ɗaya. Kunya ta hana shi faɗa, sai ya nuna mai ƙibar nan ya ce ai wannan ne nasa.

Anti ta zo ta tsaya a gabansa, ta yi magana a hankali, abin da ba halinta ba.

“Kawu, don girman Allah ka mayar da na da, ka bar shi. Lafiyarsa lau. Ka sauke kaifin nan kuma, kunnuwanmu sun gaji. In muryar nan ba ta dawo ba kafin taro na gaba, ban san abin da zan ce maka ba.”

Ta san abin da za ta ce, shi ma ya sani. Washegari da hantsi ya rungumi jitar sai shagon mai gyaran rediyo, a mayar da Mai Tsiwa gidansa, mayarwa ta ƙarshe, ba za a ƙara taɓa shi ba. A wannan mayarwar ce zaren ya tsinke. Ba ƙara, ba hayaƙi. Mai gyara ya ɗora masa wayoyin mitar awon lantarki, allurarta ba ta motsa ba. Ya goge su a rigarsa ya sake ɗorawa, ta ƙi. Ya cire tabarau ya ajiye.

“Sai haƙuri, Kawu. Wayar can ciki ce ta tsinke. Da ta waje ce da na kamo ta.”

“A sake naɗa shi mana.”

“A iya naɗawa. Zai yi magana, amma ba da bakinsa ba. Wani ne zai dawo maka a cikin rigarsa.”

Kawu ya kawo gawar gida a aljihun gaba. Ya ajiye ta a kan tebur, ya zauna. Jitar tana jingine da bango, amfilifaya ba a jone take ba, wutar ma an ɗauke, ko fanka ba ta juyawa. Can ya ɗaga yatsa ya kira maiɗakinsa.

“Zo ki ji ikon Allah. Ya mutu, amma bai bar fiton nan ba.”

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta da kumfar wanke-wanke.

“Baban yara, ba abin da ke fito a ɗakin nan.”

“Me kika ce?”

Ta matso ta gefen damansa, ta maimaita. Ya dubi marigayin, ya dubi filogin amfilifaya a yashe a ƙasa. Ya sa yatsa ya toshe kunnen hagu, fiton na nan. Ya toshe duka biyun, sai ma ya ƙara fitowa sarai. Ya daɗe a haka. Tsoro ne ya fara kama shi, baƙin ciki ya biyo baya, domin ya gane lafiyayye ya yi ta kaiwa asibiti har ya hallaka, mara lafiyar kuwa yana manne a gefen kansa. Maiɗakinsa ta goge hannu a zani ta zauna kusa da shi, ba ta ce ai na sani ba.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan uwa biyu a jikin jitar, na wuya da na tsakiya, masu haƙuri da taushin murya, waɗanda ba su taɓa mayar wa kowa magana ba. Ya bar rami mai siffarsa a fuskar jitar, da ƙusoshi biyu da ba su da abin riƙewa. Ya bar baƙi uku a akwatunansu, kowanne da takardar yabonsa, mai shago kuma ya ce kayan da dalma ta taɓa ba ya komawa kanta. Ya bar amfilifaya da maɓallinta a ƙure. Ya bar Kawu.

Anti ta riga ta zo gaisuwa. Ta zauna ta yi addu'a, ta yabi marigayin yabo na gaskiya har idonta ya kawo ruwa, ba ta ambaci taro na gaba ba ko sau ɗaya. Mai fiyano ne, da ya rako ta, ya ce wa maiɗakin Kawu a bakin ƙofa kada su damu, kayansa na da maɓallin da ke yin muryar jita, za su lallaɓa da shi kafin nan. Bai faɗi kafin yaushe ba. Da ƙarfi ya yi maganar, amma Kawu na ciki yana murmushi yana ɗaga musu hannu.

Game da jana'iza: an naɗe marigayin a ƙyallen da Kawu ke goge tsirkiyoyi da shi, za a sa shi a ƙaramin aljihun akwatin jitar, a rufe akwatin da jitar a ciki, a ɗora bisa kabad. Ba za a yi kiɗa ba. Za a karɓi gaisuwa a falon gidan da yamma. Ana roƙon masu sayar da kayan kiɗa su yi tasu addu'ar daga shagunansu, ta isa.

Masu zuwa su zauna ta hannun daman Kawu, su dube shi a fuska, su ɗan ɗaga murya ba tare da ihu ba. In ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, a karɓa a wuce. Wanda kuma yake da tsohon faifai mai muryar marigayin, don Allah ya bar abinsa a gida ya saurara can. Wani mai kyakkyawar niyya ya kawo ɗaya jiya, wanda Mai Tsiwa ke amsa wa Anti tun daga baitin farko. Kawu ya karkata kai ya saurara har waƙar ta ƙare, sannan ya juyo ya tambayi maiɗakinsa yaushe Mai Tsiwa zai shigo.