Yadda Na Tsara Wa Kaina Gasar Tanis Ta Kwana Shida

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na yi niyyar koya wa manyan 'yan tanis na duniya darasi daga nan Suleja, alhali ba su san da zamana ba.

Ni dai tun ina kwalejin horon malamai na fara riƙe raket, lokacin ana yin ta da katako. Bayan na ajiye aikin gwamnati muka haɗu mu takwas, dukkanmu dattawa, muna wasa kowace Asabar da safe a wani tsohon fili da ke bayan gari. Ni ne sakatare, ni ke tsara jadawalin gasarmu ta ƙarshen shekara, wadda bisa al'ada muke shimfiɗa ta a Asabar huɗu domin a huta tsakani.

Wata la'asar a watan Nuwamba muna zaune a falona, aka nuna a talabijin cewa wasu daga cikin gwanayen duniya sun janye daga gasannin ƙarshen kaka. Hujjarsu ita ce wata goma sha ɗaya suna yawo daga nahiya zuwa nahiya, jiki ya gaji, zuciya kuma ta daina marmarin wasan. Raina ya ɓaci. Na ce matasa ne da ba su kai talatin ba, ana kai su a jirgi, ana yi musu tausa, har mai dafa musu abinci gare su, sa'an nan su ce marmari ya ƙare? Na ce wannan ragwanci ne, babu wani suna da za a ba shi.

Alhaji Garba na Bagama, taubashina kuma abokin hamayyata a fili, ya ajiye kofin shayinsa.

"Sakatare, kai fa da kake wasa sau ɗaya a mako, kuma ka yi kwana biyu kana shafa man zafi?"

"Ƙarya kake yi, ɗan baiwa. Ko kullum ne zan yi."

"To ai alƙalamin a hannunka yake. Rubuta mu gani."

Na kuwa rubuta. Na matse gasar Asabar huɗu ta koma kwana shida a jere, Litinin zuwa Asabar. Domin mu ɗanɗani tafiya irin tasu, na raba wasannin fili uku: namu, da na wata makaranta a Gauraka, da na wani kulob a Abuja. Na ƙara da doka, wadda na ja wa layi biyu: duk wanda ya janye ba tare da takardar likita ba, zai miƙe gaban jama'a ya faɗi dalilinsa da bakinsa. (Shekaruna saba'in da ɗaya a lokacin. Na faɗa ne domin mai karatu ya auna hankalina da kansa.)

Litinin da Talata na yi nasara, ina tafiya ina baza babbar riga. Laraba a Gauraka gwiwata ta dama ta fara magana. Alhamis muka shafe sa'a biyu cikin cunkoson hanyar Abuja, na sauka daga mota a sunkuye kamar mai neman allura, aka ce in shiga fili nan take, domin jadawalin da na tsara bai bar ko minti goma ba. A ranar na fara sallah a zaune. Hajiya uwargidana ta dube ni a kan kujera ta ce, "Alhaji, ko dai a kira Dakta?" Na ce mata gwani ba ya ganin likita a tsakiyar gasa.

Amma abin da ya same ni da safiyar Jumma'a ba ciwo ba ne, kuma shi ne ban taɓa zato ba. Na dubi raket ɗina a jingine a bango, wadda nake ƙauna shekara hamsin, sai na ji ba na son ganinta. Ƙarar ƙwallon ma da na tuna sai ta gundure ni. Janyewa kuwa ba hali, ga dokata na jirana. Sai na yanke shawarar da har yau ban gaya wa 'ya'yana ba: zan shiga wasan kusa da na ƙarshe in faɗi da gangan.

Abokin karawata Mista Bulus ne, tsohon hedimasta, mutum mai natsuwa. Na buga ƙwallon farko waje. Shi ma ya buga tasa cikin raga. Na sake kai tawa bayan katanga, ya mayar da martani da bugun da ya kusa samun akuya. Da muka zo canza gefe, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri ka ci. Ni na riga ka gajiya." Na ce ban fahimci maganarsa ba. Muka ci gaba da gasar faɗuwa, kuma ya fi ni ƙwarewa. Haka na tsinci kaina a wasan ƙarshe.

Alhaji Garba kuwa, wanda zan haɗu da shi a wasan ƙarshen, mutum biyu da zai kara da su sun kawo takardar likita, ya kwana uku yana hutawa a gida. Ranar Asabar ya iso fuskarsa tana ƙyalli.

An kafa rumfa, an jera kujeru, iyalanmu da surukai duk sun hallara. Ni da kaina na nace a kawo lasifika domin alƙali ya riƙa sanar da maki kamar yadda ake yi a manyan gasanni. Mista Bulus ne alƙalin. Garba ya ci wasa uku a jere, aka zo hutun canza gefe, wanda minti ɗaya da rabi ne kacal. Na zauna a benci, na lulluɓe kaina da tawul kamar yadda na ga gwanaye suna yi, da nufin in tattara tunani.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. An ce Mista Bulus ya sanar cewa lokaci ya yi har sau uku. An ce ya sauko daga kujerarsa ya ajiye makirufo a kan bencin domin ya taɓa ni, sai minsharina ya fita ta lasifika, har masu sayar da lemo a bakin titi suka waiwayo. Da aka yaye tawul ɗin, abin da na fara ji shi ne muryar Garba.

"Ku bar shi, jama'a! Zakaran duniya ne, yanzu ya sauka daga jirgi!"

Na yunƙura zan miƙe, ƙafafuna suka yarda, amma raina ya ƙi. Mista Bulus ya tambaya ko ina da takardar likita. Ba ni da ita. Ya miƙo mini makirufo.

Na gyara tsayuwa, na dubi surukaina, na ce, "Jama'a, lafiyata ƙalau. Wasan ne ba na so." Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

To, kada wani ya ɗauka na tuba. Ban sauka daga sakatare ba, ko da Garba ya kawo ƙudurin haka, kuma har gobe ina da ra'ayin cewa 'yan wasan zamani an shagwaɓa su. Sai dai yanzu idan na ji ɗayansu ya ce marmari ya ƙare masa a watan Nuwamba, nakan yi shiru in kurɓi shayina, domin shi ya kai wata goma sha ɗaya, ni kuwa a kwana na biyar nawa ya ƙare. Darasin da na ɗauka guda ne: duk wanda zai tsara jadawali, a fara tabbatarwa ba ya cikin fushi, kuma kada a bar shi ya yi odar lasifika.