Rasuwar Gajere, Injin Waldan Abdulbaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihu mai cike da iska, Malam Abdulbaƙi mai walda na hanyar Makurɗi a Lafiya yake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar injin waldansa, wanda aka fi sani da Gajere. Ya cika ranar Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ɗan asali ne. Zuciyarsa wani zobe ne da aka naɗe da ƙarfe siriri kamar ledar biredi, kuma ba ƙarfe ne zalla ba. Aper mai gyara, wanda ya buɗe cikinsa, ya shaida cewa an haɗa ƙarfen da sinadaran silikon da boron, aka sanyaya shi farat ɗaya har ya daskare kamar gilashi. An sa masa ɗan jan ƙarfe don ƙananan ƙwayoyi su tsiro a ciki idan an sake gasa shi, aka ƙara sinadarin niyobiyam don ya hana su girma su yi taurin kai. Shi ya sa marigayin yake karɓar maganaɗisu ya sake shi nan take, ba riƙo, ba ƙullaci. Bai cika ɗaukar zafi ba, bai cin wuta a banza. Abdulbaƙi ya ce ko cikin surukansa bai ga mai wannan hali ba.

Gajere bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakarsa “zzzz” idan an kunna shi, da “fat-fat” idan sandar walda ta kama. Ya ɗinke kekunan Napep da masu su suka fid da rai, ya haɗa ƙofofi daga nan har garin Obi. Da guminsa Nasiha, 'yar fari a gidan Abdulbaƙi, ta gama sakandare.

Sai dai haɗin da ya ba shi laushin zuciya shi ne ya hana shi ƙwari. Ushahemba ɗan acaba, aminin Abdulbaƙi tun suna samari, ya ari marigayin zuwa garin Assakio don a gyara masa injin niƙan mahaifiyarsa. A hanyar dawowa ya ɗaure shi da roba ɗaya tak, ya faɗa rami. Da aka kawo injin gida aka kunna shi, ya yi “ƙirrr” sau ɗaya, ya saki hayaƙi. Aper ya tarar da zoben ya farfashe kamar ƙanzo. Abdulbaƙi ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon ɓarɓashin a tafin hannunsa, ko ruwa bai nema ba.

Marigayin ya bar wayoyi biyu, da gilashin fuska mai tsaga, da tsohon janareto mai tari, da ƙofar Madam Ursula da aka yi rabi, wadda mai ita take zuwa dubawa safe da yamma.

Ana karɓar gaisuwa a shago. Masu zuwa su zo da haƙuri, kada su zo da aiki. Ranar Asabar za a zare masa wayoyin jan ƙarfe, sannan a raka gawar wurin 'yan gwangwan. Ushahemba, wanda aka yafe masa bayan mata sun sa baki, ya nemi alfarmar ɗaukar gawar a babur ɗinsa. Iyalai sun gode ƙwarai. A baro za a kai shi, kuma Abdulbaƙi ne zai tura da kansa.