Batirin da Ya Raba Ni da Masu Turi

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Kamfanin Batir Dorina Uku,
A duk inda ofishinsa yake, tunda ba a rubuta a jikin kwali ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da girmanka, da tambayar lafiyar iyali da ta ma'aikata, musamman waɗanda ke loda baturanku a mota, Allah ya ƙara musu ƙarfin baya. Sunana Namadi, ana ce mini Namadi Mai Mota a wani ƙauye da ke yankin Gidan Amumune, ƙasar Mayahi. Ina da tsohuwar a-kori-kura wadda ta girmi babban ɗana, da ita nake kai mutane da awakinsu kasuwanni. Ina so ka sani tun farko ba kuɗina nake yi wa kuka ba. Batirinku ya raba ni da mutanen da ke tura mini mota, kuma kafin ka yi dariya bari in gaya maka ko su wane ne.

Shekara da shekaru motata ba ta tashi da makulli. Tsohon batirinta yana kunna fitila, yana busa oda, amma in aka zo maganar tada inji sai ya nuna ba da shi aka yi wannan alkawari ba. Garinmu kuwa ba gangara, rairayi ne ko'ina. Saboda haka duk ranar kasuwa, in aka sallame asuba, Sha'ibu maƙwabcina, wanda aka yi mana kaciya tare, yakan zo da Danda da Sidi da wasu daga cikin maƙwabta. A shimfiɗa karan gero ƙarƙashin taya, in sa giya ta biyu, su yi bismilla su tura. In ta tashi su ɗare baya da 'yan kayansu, ba na karɓar ko dala a hannunsu. Ba wanda ya taɓa zama aka ƙulla wannan. Haka muka samu kanmu, haka muka ci gaba.

Bana maiɗakina Zara'u ta fara yi mini lissafi, wai masu turi sun cika rabin mota, masu biya kuma suna guduwa wurin 'yan kabu-kabu saboda ba sa son jiran a shimfiɗa kara. Na ga maganarta da gaskiya. Na sayar da gero, na tafi Tasawa neman batir mai araha kuma mai ƙarko. Daga nan koke-kokena suka fara, ga su ina miƙawa cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina roƙon a sanar da ni wane ne ya kai muku labarin yadda muke sayayya. Mu nan komai da nauyi muke sanin kirkinsa. Rago ɗaga shi ake yi, damin gero ɗaga shi ake yi, kabewa ma sai an jinjina. Batir kuwa kowa ya san dalmar da ke ciki ita ce ƙarfinsa, dalma kuma nauyi gare ta. A shagon wani ɗan kasuwa mai suna Rabilu aka jera mini guda uku. Akwai mai tsada, wanda na ɗaga da hannu ɗaya na ajiye don na ga ba shi da kunya. Akwai na hannu, wanda wani Bature ya gama cin ƙuruciyarsa. Sai naku, wanda na sa hannu biyu na ɗaga, na ji wani abu ya amsa a ƙuguna. Ya fi su nauyi, ya kuma fi su araha. Wane ɗan halak ne zai ga haka ya wuce? Mutanen da ke zaune a ƙofar shagon kowa ya taso ya jinjina, suka ce in ban saya ba na yi asara. Rabilu ya karanta mini Faransancin da ke jikin kwali, ya ce ma'anarsa wanda ya sa wannan batir ya yi ban kwana da turi.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka miƙa jinjinata ga injiniyoyinku. Da batirin ya ƙi aiki tun ranar farko, da ba ka ji daga gare ni ba. Da na kira Sha'ibu an tura, an yi mini tsiya a hanya, an manta. Amma batirinku ya tashi motar. Ya tashe ta da yatsa biyu, a gaban masallaci, jama'a na kallo. Ranka ya daɗe, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana leƙe ta taga yana cewa a ƙara ƙarfi, in ya ji inji ya amsa masa shi kaɗai, akwai abin da ke hawa masa kai. Na kashe na sake tayarwa, na kuma kashewa. Sannan na sanar cewa daga yau an daina turi, saboda haka an daina hawa kyauta, mota ba rijiyar gari ba ce. Na faɗi wannan Sha'ibu yana tsaye da damin kara a kafaɗa. Ya ajiye karan a hankali, ya ce Allah ya sanya alheri.

Batirin ya ci gaba da aiki har maganar ta isa kowane gida, har matan gari suka daina aiko wa Zara'u da tuwo, har Danda ya sayar da tunkiya ya gyara amalankensa. Sai da komai ya kammala sannan ya mutu. Ta yaya kuka auna wannan? Da wane injin ake gwada tsawon lokacin da mutum ke buƙata ya ɓata da maƙwabtansa, a ƙera batir daidai da shi? Na yi hulɗa da teloli da magina, ban taɓa ganin awo mai kyau irin naku ba.

Na uku. Ya zaɓi ranar kasuwa ya cika. Mota ta cika da gyaɗa da awaki da mutanen da suka biya kuɗinsu cif. Na murɗa makulli, ya yi ƙis, kamar an taka busasshen ganye. Na roƙi fasinjoji su ɗan taɓa. Wani dattijo ya amsa mini daga saman buhu cewa shi kuɗin zama ya biya, kuma a bakina ya ji an daina turi. Ɗaya bayan ɗaya suka sauka, suka karɓi kuɗinsu, suka hau kabu-kabu. Sha'ibu da mutanensa suna gindin gawo suna shan shayi, ba su yi dariya ba, ba su ma kalle ni ba. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Na gwada shanu. Wani makiyayi ya ara mini bijimai biyu muka ɗaura igiya. Inji na yin tari suka firgita, suka ja ni cikin gonar wake ta liman. Wannan ba zan sa shi a lissafinku ba, ni da liman mun daidaita.

Na huɗu, maganar garanti. Na mayar wa Rabilu batirin a kan amalanke. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya sunkuya ya ɗaga batirin, ya jinjina, ya ajiye. Ya ce shi bai ga abin da ya ragu ba. Ya tuna mini, gaban shaidu, cewa nauyi na zo nema, nauyi ya ba ni, kuma ga nauyin nan yadda na tafi da shi. Na daɗe ina neman inda maganarsa ta karkace ban samu ba. In a kamfaninku ake koya wa dillalai wannan, ina ba da shawara a buɗe lakwal, wato makaranta, za a samu ɗalibai.

Na biyar. A hanyar komawa na tsaya wurin masu sayen tsofaffin batura don dalma. Wanda na tarar a wurin ya ga tambarin dorina a jiki, ya ce sai ya fasa kafin ya yi ciniki. Ya sa guduma. A sama akwai ɗan batir, ƙarami, irin wanda zai iya tada babur in an lallashe shi. Daga nan har ƙasa kuwa rairayi ne aka dama da siminti. Ranka ya daɗe, rairayi. Kun ɗauko shi daga wata ƙasa, kun biya jirgin ruwa, kun biya kwastan, kun ratsa ƙasashe, kun kawo wa mutumin Mayahi rairayi ya saya da geronsa. Muna share shi daga ɗaki da safe, muna tauna shi a tuwo da yamma, shi ne ke riƙe mini taya kullum. Ban ce naku ba shi da kyau ba, na murza na ji laushinsa. Amma da kun tambaya, da mun ba ku kyauta, har mu taya ku lodi.

Na shida shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Na mayar da tsohon batirina, mota ta zauna a ƙofar gida kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Ana nan wata safiya aka bugo waya daga wajen Issawane cewa mahaifin Zara'u ya rasu, za a yi jana'iza da hantsi ya ɗaga. Ta fito da mayafi a hannu tana kuka, ta shiga gaban mota ta zauna, don a ruɗe take, ta manta motar ba ta tashi. Ni ma na shiga na riƙe sitiyari, ban san abin da nake jira ba. Sai na ji ana tura kara ƙarƙashin taya. Na duba madubi, ga Sha'ibu, ga Danda, ga Sidi, kowa a gurbinsa na da. Ba wanda ya aika a kira su. Na sa giya ta biyu, suka tura, ta tashi.

Na leƙo na ce su hau, ai tare za mu je, haka ake yi. Sha'ibu ya kakkaɓe hannunsa ya ce:

"Ku tahi, Namadi, kar ku rasa jana'iza. Allah shi jiƙan tsoho. Mu muna tahe bisa amalanken Danda, ba mu riƙo kuɗɗin mota ba."

Ba da gatse ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mun samu jana'iza. Su kuwa sai bayan la'asar suka iso, fuska duk ƙura, suka yi ta'aziyya yadda ya kamata, suka gaishe ni da ladabin da ake yi wa baƙo. A hanyar dawowa na wuce su da bayan mota fayau. Na rage gudu, Danda ya ɗaga mini hannu alamar in wuce kada ƙura ta dame su. Na yi baƙin ciki a rayuwata, amma ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba, kuma ina so a rubuta wannan a littafin kamfaninku.

Yanzu na sayi wani batir. Mara nauyi ne, ba dabba ko ɗaya a jikinsa, bakanike ya gwada mini shi da na'ura kafin in biya. Yana tada motar kowace safiya ba gardama. Fasinjoji sun dawo, Zara'u ta daina lissafi. Na aika wa Sha'ibu cewa gurbinsu na nan kyauta kamar da, ya aiko da godiya, ya ce su ba sa hawa abin da ba su tura ba. Na yi tunanin in cire kan batir da hannuna in zauna ina murɗa makulli, amma Sha'ibu ya san kukan motar nan fiye da ni, daga gindin gawo zai gane ƙarya ce.

Saboda haka, Mai Girma Darakta, ga buƙatata. Ba na neman a mayar mini da gero, ba na neman a hukunta Rabilu. Na bincika kasuwannin Tasawa da Mayahi, ban samu batirin da mutum zai dogara da shi ya mutu da gaske, a gaban jama'a, ba tare da an sa masa hannu ba, sai naku. Ina roƙon a aiko mini da Dorina Uku guda ɗaya, a zaɓo wanda ya fi nauyi. In da hali a ƙara rairayin, a rage batirin, don kada ya daɗe yana aiki, ni ma na san halina. Zan sa shi ranar kasuwa in jira ya yi abin da ya iya. Sannan in sauko daga mota, in taka da ƙafata har gindin gawo, in ce Sha'ibu, don Allah ku zo ku tura ni.

Ina fatan ba ku gyara ƙirar ba kafin saƙona ya iso.

Naka mai biyayya, wanda ƙugunsa ke tuna ku duk lokacin da ya sunkuya,

Namadi Mai Mota,
Yankin Gidan Amumune, Mayahi.