Rasuwar Numagaro, Dodon Roba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushi kuma har iya wuya, Kuwabara Tetsuzo yake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Numagaro, dodon roba, wanda shi Tetsuzo ya shekara goma sha ɗaya yana shiga cikinsa kamar riga a gaban kyamara. Rai ya yi halinsa ranar Talata a ɗakin ajiya na kamfanin fim, yana rataye a ƙugiya kamar tsohon buhu.

Marigayin mai biyayya ne. Ya rushe Tokyo ta katako sau huɗu, Osaka sau ɗaya, bai taɓa taka ginin da ba a ce ya taka ba. An cinna masa wuta a jela, an tsoma shi a tafki cikin sanyin Janairu, bai ce uffan ba sai kukan nan nasa da kowa ya sani, "Gyaa-rooo!", wanda asalinsa ƙarar ƙofar sito ce mai tsatsa. Ɗayan kukan, "ƙiiƙ, ƙiiƙ" na hammata idan zufa ta taru, Tetsuzo kaɗai ya san shi.

Jinyar ta daɗe. Fata ta fara tsagewa daga gwiwa, ciki ya yi funfuna, wari kuwa ba a magana. Sau uku Tetsuzo yana roƙon Shimoda, shugaban masu gyaran kaya, a liƙa wa dodon sabuwar roba, kullum sai a ce gobe. Daga ƙarshe abu ɗaya ya nema: a bar shi ya kai gawar haikali ɗungurungum, a yi mata addu'ar da ake yi wa kayan da suka yi wa mutum hidima. Allurar ɗinki ma ana yi mata, balle dodo guda! Shimoda ya rusuna ya ce ba komai. Washegari sai ga gawa ba kai. An yanke shi daga wuya, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, an manna masa ƙahoni biyu, wai sabon dodo ne na shirin talabijin.

"Kan fa lafiyarsa ƙalau, Kuwabara-san, asara ce a binne shi," in ji Shimoda, har da "san" ɗin girmamawa, ko kunya babu.

Marigayin ya rasu ya bar ƙafafu biyu, jela ɗaya, dattawa uku masu jan igiyar jelar, da Tetsuzo, wanda bayansa ya ranƙwafe a hidimarsa.

Za a yi jana'izar abin da ya saura ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe, a haikalin da ke bayan kamfani. Binnewa za a yi, don maƙwabta sun ce ba za su shaƙi hayaƙin roba ba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tsaya doguwar gaisuwa. Ƙarfe ɗaya za a fara ɗaukar sabon shirin, kuma da aka gwada kan a wuyan kowa, Tetsuzo kaɗai ya yi wa daidai. Shi zai sa.