Ƙwan Fitila Huɗu da Dutsen Baba Idi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara jama'a a ƙofar masallacin unguwarmu don su shaida wautata. Ni na gayyace su da bakina, wannan shi ne abin da ya fi ci min rai.

Ina da wata 'yar tirela mai rufi, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, da ita muke hawa Ɗa'if da iyali idan zafin Makka ya ishe mu. Fitilunta na baya sun tsufa, sigina sai ka kusa goga mata hanci kafin ka gane tana ƙiftawa. Na ƙudura sai na sauya su da ƙwan LED, masu hasken nan fari tas.

Maƙwabcinmu a unguwar Hindawiyya, Baba Idi, tsohon mai gyaran wutar mota ne, kuma aminin mahaifina marigayi. Tun ina rarrafe yake ce min "ɗana". Da ya gan ni da kwalin sababbin ƙwan, ya ce in bari ya saka min. Na yi masa godiya, na ce na riga na kalli yadda ake yi a waya (bidiyon minti takwas ne, na kalli uku na ga ai na gama ganewa). Ya yi murmushi ya wuce. Murmushin nan bai kwanta min ba.

Bayan la'asar na zare tsofaffin ƙwai huɗu na cusa sababbi. Ban gwada ba, don tirela daga mota take shan wuta, motar kuwa tana hannun ƙanina.

Washegari da hantsi na leƙa ta taga, sai ga Baba Idi durƙushe a bayan tirelata yana taɓe-taɓe. Ya miƙe, ya kaɗe hannu, ya tafi. Da aka dawo da mota na jona waya, sigina ta hagu shiru, fitilar birki ta dama ma shiru. Ƙwai sababbi fil daga kwali.

Nan take na zama ɗan sanda. Na tuna murmushin. Na tuna shagonsa da ya rufe saboda ba ciniki. Na tuna wata rana da ya ce yaran yanzu waya ce malaminsu. Na haɗa wannan da wancan, na yanke hukunci cewa ya zare min biyu ya sa matattu don in dawo in roƙe shi. Matata ta ce in je in tambaye shi a gida, mu biyu. Na ce mata ba ta san halin mutane ba (ni da na san halin mutane, ga inda na ƙare).

Ana sallame azahar na tare shi wajen takalma. Na ɗaga murya yadda na sahun baya ma za su ji, na ce na gan shi da idona yana taɓa min fitilun tirela, kuma wannan ba halin manya ba ne. Mutane suka tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Dattijon da ya shekara arba'in a unguwa ba a taɓa jin ya ɗauki ko allurar wani ba, yau ga ɗan amininsa yana kiransa ɓarawo a fakaice.

Bai yi fushi ba, da ya yi ma da na ji sauƙi. Ya ce, "Tayyib, to, mu je mu gani."

Muka gangara, liman da mutum kusan goma a bayanmu. Ya sa ƙanina ya kunna sigina. Ya zare ƙwan hagu, ya juya shi, ya mayar. Haske ya fara ƙiftawa kamar yana yi min gwalo. Ya yi wa na dama haka, aka taka birki, shi ma ya kama. Ya yi wa jama'a bayani a hankali cewa tsohon ƙwai ta kowace fuska ka cusa shi zai ci, shi kuwa LED fuska ɗaya ya sani (wannan yana minti na biyar a bidiyon, daga baya na duba).

Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce to me ya durƙusar da shi a nan da safe.

Ya nuna ƙarƙashin taya. Wani ƙaton dutse ne a tokare.

"Layin nan gangare ne, kai kuma ba ka sa mata komai. Shekara biyu ke nan duk ranar da ka ajiye ta ni nake tokare ta. Babanka ma haka yake mantawa."

Na so dutsen ya matsa in shige ƙarƙashinsa. Na ba shi haƙuri a wurin, na sake bin sa gida da daddare ɗauke da turare. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Sai dai tun daga ranar, in mun haɗu, "Malam Sani" yake ce min, cikin mutunci, kamar baƙo. Wata bakwai ina jiran "ɗana" ta dawo.

Fitilun suna nan suna haske, har daga nesa ana yabawa. Ni kuwa yanzu in abu ya ƙi aiki a hannuna, sunan farko a jerin waɗanda nake zargi nawa ne, kuma bidiyo sai na kai ƙarshensa.