Yadda Ake Shigo da Agogo na Sha Tara Ba da Sanin Uwargida Ba

Bi matakan nan, na yi maka alkawari tsohon agogon da ranka ke so zai hau bangon falonka, aurenka kuma ko gezau. Ni ne Preben, shekara talatin ina wannan harka a garin Aarhus.

1. Ka iya raina kaya

Ranar Asabar a kasuwar gwanjo, in ka hango agogon katako na shekarun 1950, mai tsinkaye kewaye kamar rana, kada ka yi murmushi. Juya shi, ja tsaki, ka ce wa mai shi, "Wannan ko surukata ba ta rataye shi." Sannan ka biya, ka rungume abinka kafin wani ya ji.

2. Ɓoye shi a kwandon keke

Ƙarƙashin dankali da baƙin burodi. Amma ka tsayar da agogon tukuna. Ni na manta, matata Bodil ta tare ni a ƙofa.

"Preben, burodinka yana ƙas-ƙas."

"Sabon gashi ne," na ce.

3. Sauke hoto ɗaya

Ƙusa dai tana nan, ba sai an ji ƙarar guduma ba. Mai hankali ya san ba a kallon hoton biki bayan shekara goma. Ban da Bodil.

4. Musanta

"Guda nawa ne yanzu?" in ji ta.

"Sha takwas, kamar kullum."

"Sha tara na ƙirga."

"Ɗayan a madubi kika gan shi."

"Wane madubin, tsoho? Bara ka sauke shi."

5. Kada ka tambayi agogunan lokaci

Ado ne, ba aiki ba. Ranar sunan jikanyarmu a garin Odense, Bodil ta duba wayarta, ta ɗauki jaka, ta ce tana jirana a tasha. Ni kuwa na tsaya tsakiyar falo, kowane agogo da nasa zancen, na gaskata wanda ya fi kyau. Na isa jirgin ƙasa ya yi minti arba'in da tashi. Na zauna kan benci da kyautar jaririya a cinya, kunya ta ishe ni.

6. Karɓi hukunci da mutunci

Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Agogo ɗaya zai zauna a gidan nan. Sauran, ka san inda za ka kai su." Na ce inda suka je, can zan je. Na zaci za ta roƙe ni. Ta buɗe mini ƙofar baya.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ba ni na aike ka ba. In ƙorafi gare ka, kada ka buga ƙofar gaba. Zagayo lambu, ina ɗakin ajiyar shebur. Ka taho mini da bargo.