Rasuwar Lamba Sha Huɗu a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Da zuciya cike da baƙin ciki, da bakin da har yanzu bai saba da zama wayam ba, ni mai ɗinkin da shagonta ke tsakanin mai kitso da mai gyaran waya, a madadin kaina da haƙorana na gaba guda huɗu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu kawo ɗinki rasuwar robar gyaran haƙorina ta sama, wadda aka fi sani da Lamba Sha Huɗu. Ta rasu ranar Talata da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe a kan teburin guga, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai ƙiftawar ido uku ba. Ta bar duniya tana da kwana shida, alhali sati biyu Likita ya ɗibar mata.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, kuma suna da yawa don ba ta son nuna kai, roba ce marar kauri, garai-garai kamar ruwa, an yi ta daidai bakina. Ana kifa ta a kan haƙora ta riƙa tura su baya a hankali, awa ashirin da biyu kullum, ba a cire ta sai za a ci abinci ko a goge baki. Su ashirin da shida ne a gidansu, kowace da lambarta, kowace ta yi sati biyu ta miƙa wa ƙanwarta aiki. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Haƙorana na sama sun riga leɓena fitowa tun ina 'yar shekara bakwai, zaƙo-zaƙo, ko na rufe baki sai sun leƙo sun ga wa ke wucewa. Zomo ake ce mini a makaranta. Na yi aure, na haifi uku, na buɗe shago, amma har gobe in na haɗu da wadda muka yi aji ɗaya, da sunan nan take gaishe ni.

Ni dai na riga na haƙura da kaina. Shekara talatin da takwas, me ya rage? Autata ce ta kai ni gaban Likita. Yayyenta maza biyu bakin babansu suka ɗauko, ita kuwa baiwar Allah ta tsallake kowa ta kwaso nawa, ko ɗaya ba ta bari ba. Shekararta tara. Bara ta dawo daga makaranta ta tambaye ni, tana kallon ƙasa, wai shin zomo yana girma ya daina zama zomo? Daga ranar, yarinyar da dariyarta ke tashin mai barci ta koma dariya a cikin tafin hannu. Na ce mata ai ana gyarawa. Ta ce da ana gyarawa, da na gyara nawa. Sai na je aka auna bakina don ta gani da idonta.

Marigayiya mai haƙuri ce, ta gaji halin yayyenta sha uku da suka gabace ta. Ta zauna a bakin da ba ya hutawa da ciniki da rantsuwa da ba masu kaya haƙuri, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba, tana da matsi. Kwana biyun farko ko burodi na ciza sai na ji har tsakiyar kai. Zafi ne kawai ba ta so, ko shayi zan sha sai na fitar da ita, kuma Likita ya ja mini kunne a kan haka tun ranar farko. Maganarta a duniya biyu ce. In na danna ta ta zauna sai ta ce ƙas, sannan in ina magana da sauri takan saki ɗan fito, fiii, a tsakiyar zance, har mai kitso ta ce yanzu ba ta buƙatar leƙowa ta san na zo. Wallahi yau da zan sake jin fiton nan, ko dariyar mai kitso ba za ta dame ni ba.

A zamanin gidansu na ga abin da ban taɓa gani ba. Tun kan Lamba Sha Ɗaya leɓena ya fara haɗuwa ba tare da na ja shi ba. Duk sati biyu Auta ce ke yage ledar sabuwar, ta tsaya a kaina har ta ji ƙas, sannan ta ɗauko tef ɗina na awo ta kara mini a baki kamar mai shirin ɗinka wa haƙoran riga. "Mama, sun ƙara shiga," in ji ta, ko sun shiga ko ba su shiga ba.

Game da ajalinta, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara ashirin ina yanke zare da haƙori, kuma in faɗi gaskiya babu almakashin da ya kai haƙoran nan iya aikin. Likita ya hana. Na sayi ɗan ƙaramin almakashi mai jan hannu na ajiye a gefen keke, muka zauna lafiya wata shida. Sati uku da suka wuce ya ɓace. Na zazzage kwandon ƙyallaye, na zargi mai gyaran waya a zuciyata, Allah ya yafe mini, kullum ina cewa gobe zan sayi wani. Babban almakashin yanka kuwa ba a ɗaga shi don zare ɗaya. Sai na koma halina: in cire ta, in ciza zare, in mayar da ita.

Ranar Talata ina da rigunan makaranta arba'in, kuma tun safe babu wuta. Na cire marigayiya na ɗora a kan teburin guga, don ɗan akwatinta yana cikin jaka, jakar kuma tana rataye a bayan ƙofa, taku uku kacal. Na gama wata farar riga na wurga a kan teburin. Nan take aka kawo wuta. Duk mai ɗinki ya san yadda jiki ke rawa in an kawo wuta bayan an cire rai. Na jona dutsen guga, na shimfiɗa rigar, na danna da ƙarfina. Maganarta ta ƙarshe ita ce cuuu. Da na ɗaga rigar, ga ta nan ta baje ta manne a bayan aljihu, ta bar zanen haƙorana reras a jikin yadin mutane. Na yi ihu har mai kitso ta shigo da gudu da tsinken kitso a hannu, ta duba, ta dube ni, ta ce, "Kai, wannan kam sai haƙuri." Da hannuna na kashe ta.

Na kira Likita ina kuka. Ya ce in kwantar da hankali, in gwada Sha Biyar, in ta ƙi in koma wa Sha Uku har a yo wata, ai ya ce in riƙa adana tsofaffin. Sha Biyar ta ƙi. Na danna har hawaye suka zubo, ta shiga gefe ɗaya ta tsaya cak. Na rufe shago na tafi gida da rana tsaka, na hau kujera na laluba saman kwaba inda nake ajiye gwangwanin tsofaffin. Babu gwangwani. Bayan la'asar na same shi a ƙasan jakar makarantar Auta, ƙarƙashin littafin lissafi, da ɗan almakashina mai jan hannu a ciki. Duk na saman, daga Ɗaya har Sha Uku, an datse musu baya an rage su daidai bakin yarinya.

Ba ta yi musu ba. Ta ce tana sakawa a hanyar makaranta da lokacin hutun tara, tana bin lamba kamar yadda nake yi, amma kwana biyu-biyu take ba kowace don ta kamo ni. Ta buɗe baki na ga dasashinta duk ya kurje. Ashe shi ne ciwon bakin da na yi ta ba ta ruwan gishiri a kansa. Na ɗaga hannu zan dake ta, hannun ya ƙi sauka. Muka zauna a bakin gado ni da ita da gwangwani, babanta ya leƙo ya gan mu ya koma.

Washegari Likita ya duba mu duka biyu. Ni ya ce sai an sake awo, sabuwar kuma daga nesa ake yo ta, sai nan da sati biyar, kuma kafin ta iso haƙoran za su ja baya da tafiyar, wataƙila mu koma wajen Lamba Tara. Ba sai ya faɗa ba, ina jin su da harshena kowace safiya suna komawa inda suka fito, kuma babu abin da zan tare su da shi. Auta kuwa ya yi mata faɗa a hankali, ya ce kada ta ƙara saka abin da ba don bakinta aka yi ba, ya ce har yanzu tana famfara, a dawo da ita bayan shekara uku. A hanyar gida ta tambaye ni sati biyu nawa ne a cikin shekara uku. Na ce ban iya lissafin ba, alhali na iya.

Marigayiya ta rasu ta bar abokiyar zamanta, robar haƙoran ƙasa, wadda Likita ya ce in ci gaba da sakawa ita kaɗai, da ƙanne sha biyu a cikin ledojinsu da ba a san ko za su taɓa shiga baki ba. Ta bar ɗan akwati shuɗi wanda da an yi amfani da shi da ba a rubuta wannan takarda ba. Ta bar uwar wani ɗalibi da har yanzu ban san yadda zan yi mata bayanin rigar ɗanta ba. Ta bar ni, ta kuma bar yarinyar da tun Talata ba ta taɓa tef ɗin awo ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a bayan shago, gefen kwandon shara. Za a binne ta da aljihun rigar da ta manne wa, don an yi an yi sun ƙi rabuwa, tare da yayyenta sha uku a gwangwani ɗaya. Zaman makoki a cikin shago ne, mai kitso ta yi alkawarin aron benci. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Waɗanda kayansu ke hannuna su yi wa Allah su ƙara mini sati ɗaya.

Roƙo ɗaya iyalan mamaciya ke yi. Auta za ta kasance a wurin, don ta ce ita za ta ɗauki gwangwanin. Duk wanda ya zo ya gaishe ta, ya tambaye ta karatu, ya yaba kitsonta in ya ga dama. Amma don girman Allah, kada kowa ya ce mata ta yi kama da ni.